Kwana 431 sabarmu ba ta mutu ba: in yi wa kanel faci yana tafe, ko in sake kunna ta?

ƊanKalgo
Assalamu alaikum jama'ar zaure. Shawara nake nema, don abin ya tsaya mini a rai. Ni ke kula da kwamfutocin wani ƙaramin asibiti mai zaman kansa a nan Birnin Kebbi. Saba ɗaya tak gare mu, tsarin Linux na Ubuntu 22.04 ne a kanta, ita ke riƙe da katin marasa lafiya, sakamakon gwaji da lissafin kantin magani. Tun da muka haɗa ta da sola da inbata ba ta taɓa mutuwa ba, yau kwana 431 kamar yadda uptime ya nuna. Duk wata ina yin apt upgrade don sabunta manhajojinta, ina ganin sabon kanel na sauka, amma ban taɓa sake kunna ta ba, saboda maigidan ya ce ko minti biyar bai yarda a tsaya ba, dare da rana ana karɓar haihuwa. Jiya wani abokina ya ce in kunna Livepatch kawai, abin nan mai yi wa kanel faci na'ura tana aiki, in manta da zancen sake kunnawa har abada. Haka ne kuwa? Babu haɗari? Wanda ya sani ya taimaka don Allah.

Injiniya_Kaura
Wa alaikumus salam. Kafin a fara ja-in-ja, buga uname -r ka turo mana abin da ya fito. Sannan ka leƙa cikin /boot ka faɗa mana lambar kanel mafi sabo da ke can.

ƊanKalgo
Wanda uname -r ya nuna 5.15.0-91 ne. A /boot kuma akwai 5.15.0-131.

Injiniya_Kaura
To ka gani da idonka. Duk sabuntawar da kake yi wata-wata a faifai take tsayawa. Kanel shi ne zuciyar tsarin, shi ke raba wa manhajoji ƙwaƙwalwa, shi ke magana da faifai da katin netwok, kuma sau ɗaya ake loda shi, lokacin da na'ura ta tashi. Wanda ya tashi da sabarka sama da shekara guda da ta wuce, shi ne har yau yake tuƙa ta. Duk ɓarakar da aka toshe tsakanin 91 da 131, a wurinka a buɗe take. Ka sayo sabon kwado ka ajiye a aljihun tebur, ƙofa kuma tana nan da tsohon. Duba /var/run/reboot-required, za ka tarar Ubuntu ta daɗe tana gaya maka.

Kabawa_VPS
Injiniya ya yi gaskiya kan apt upgrade, amma abokin nan naka ma bai yi ƙarya ba. Yi wa kanel faci yana tafe ba sabon abu ba ne. Ksplice tun 2008 ya fito daga jami'ar MIT ta Amurka, Oracle ta saye shi a 2011. A 2014 Red Hat ta fitar da kpatch, SUSE ta fitar da kGraft, daga baya aka haɗa kai aka sa tushen abin a cikin Linux 4.0 a watan Afrilun 2015. Canonical, kamfanin da ke yin Ubuntu, ta fara nata Livepatch a 2016. Ni daga Argungu nake kula da sabobin wasu kwastomomi da ake haya a Turai, shekara uku ke nan ina amfani da shi, bai taɓa kayar mini da na'ura ba. Yana cikin Ubuntu Pro, wanda kyauta ne har na'ura 5. Ka kunna ka huta.

MaiKafe_Jega
Ni fa ban gane ba. Ta yaya za a taɓa zuciyar abu yana cikin aiki? Ai kamar a ce mai faci ya yi wa taya faci ne mota tana gudu tsakanin Jega da Koko.

'YarGusau_Dev
Malam MaiKafe, misalinka ya kusa, sai dai ba a cire tayar. Ka ɗauka kanel babbar kasuwa ce mai dubban rumfuna, kowace da aikin da take yi. Masu rubuta manhaja fankshan suke kiran kowace rumfa. Idan aka gano ɗaya na da matsala, sai a gina sabuwa a gefe, a tsayar da yaro a bakin tsohuwar, duk wanda ya zo ya ce masa ya wuce can. Yaron nan a Linux shi ne ftrace. Tsohuwar rumfa ba a rushe ta ba, an dai daina shigarta.

Inda gizo ke saƙar shi ne waɗanda suke cikin tsohuwar rumfa lokacin da aka zo. Ba a juya wani aiki zuwa sabon umarni sai ya fito daga fankshan ɗin da ake son canzawa. Tun daga Linux 4.12 ana bin ayyukan ɗaya bayan ɗaya, ana tabbatar da kowanne ya fito. In wani ya yi barci a ciki yana jiran faifai, sai facin ya maƙale a tsakiya, wasu ayyuka suna kan sabo, wasu suna kan tsoho. Za ka gani a /sys/kernel/livepatch, inda aka rubuta transition yana nuna 1 ya ƙi komawa 0. Akwai hanyar tilastawa, amma takardun kanel da kansu sun yi kashedi a kanta, kuma in ka tilasta ba ka iya sauke facin sai ka sake kunnawa.

Na biyu shi ya fi damuna. Faci umarni yake canzawa. Bayanan da suka riga suka zauna a ƙwaƙwalwa ba ya iya sake musu fasali cikin sauƙi. In gyaran na buƙatar a ƙara musu gurbi, sai an yi dabarar rataya musu ɗan ma'aji a gefe, kuma mutum ne ke zama ya rubuta wannan da hannunsa. Haka umarnin da ke gudana sau ɗaya lokacin tashi, ya riga ya wuce, ba abin da faci zai yi masa. Shi ya sa ba kowane gyara ke iya zuwa ta wannan hanya ba.

Kabawa_VPS
Malama, duk wannan ciwon kan masu haɗa facin ne, ba na ƊanKalgo ba. Sukan gwada kafin su saki.

'YarGusau_Dev
Sukan gwada a kan kanel ɗinsu da direbobinsu. In ka ɗora wani direba daga waje, wato manhajar da ke haɗa kanel da wani kayan na'ura, na katin RAID ko na wata na'urar gwaji, wannan ba su gwada da shi ba. Kuma ka faɗa masa gaskiya duka: Livepatch ɓarakar da aka auna a matsayin babba ko mai tsanani kawai yake rufewa. Matsakaita da ƙanana, da gyare-gyaren da ba na tsaro ba, suna nan suna jiran ranar da za a sake kunnawa. Ka tuna Meltdown da Spectre, ɓarakar da aka gano a furosesa, a watan Janairun 2018. Masu Ubuntu an gaya musu ƙarara sai sun sake kunnawa, saboda gyaran ya taɓa yadda kanel ke shimfiɗa ƙwaƙwalwa gaba ɗaya, ga kuma sabon microcode, wato umarnin cikin furosesa, da ake lodawa tun farkon tashi.

Injiniya_Kaura
Akwai ma abin da ba a ambata ba, kuma shi ya fi shafar mai tambaya. Canonical ta sa wa'adi: wata 13 take yi wa kowace fitowar kanel faci, bayan nan sai ka sabunta ka sake kunnawa kafin a ci gaba da ba ka. Ku lissafa kwana 431. Ya haura wata 14. Ko ya kunna yau, ina kyautata zaton abin da zai fara gaya masa shi ne kanel ɗinsa ya tsufa.

Kabawa_VPS
Wannan kam na yarda. Ni ma ban taɓa barin nawa sun kai shekara ba. Amma bayan ya sake kunnawa sau ɗaya, ina nan kan bakana, ya sa shi.

Baba_NaGulbi
Ƴaƴana, ku bar ni in sa baki, don ni wanga abu ya taɓa cina. Ku duka kuna maganar tsaro, ni ba shi ne tsorona ba. Tsorona ranar da na'ura za ta mutu ba da izninka ba.

Shekarun baya ina riƙe da sabar wani kamfanin casar shinkafa, ita ke lissafin buhunan da manoma sunka kawo da kuɗin da ake binsu. Ta yi kusan shekara biyu ba a kashe ta ba, ina alfahari da haka. Cikin watan Afrilu, zafi ya kai inda ya kai, batiran inbata sunka kumbura, anka ɗauke wuta da tsakar dare, tam mutu. Da safe munka kunna, taƙ ƙi tashi. Abu na farko, ɗan batirin da ke kan allon uwa (motherboard) ya mutu tuntuni ba wanda ya sani, agogo ya koma baya, tana jiran a danna F1. Munka wuce nan, sai ta tsaya tana neman wani faifai da munka cire wata takwas baya, sunansa na nan cikin /etc/fstab, jerin faifan da take nema in ta tashi. Munka gyara, ta tashi da sabon kanel da bai taɓa aiki a kanta ba, katin netwok ya ɓace, don direbansa da hannu anka ɗora shi tun farko. Da munka samu netwok kuma, manhajar lissafin ba ta tashi da kanta ba, wanda ya girka ta da hannu ya tada ta, bai yi systemctl enable ba, kuma ya bar aikin. Kwana biyu manoma na zaune gindin bishiya da buhunansu, wasu daga Suru, wasu daga Bunza, sun biya kuɗin mota, ba a iya auna musu a biya su. Har yau in na tuna fuskokinsu raina ɓaci yake.

Ba ɗaya cikin waɗannan da ya faru a daren nan. Duk sun daɗe suna taruwa ɗaya bayan ɗaya, na'urar da ke cikin ƙwaƙwalwa daban, wadda ke kwance kan faifai daban. Da ina sake kunnawa duk wata, da kowace matsala ita kaɗai zan tarar, da rana, ina tsaye kanta. ƊanKalgo, ɗana, kai ma haka kake yanzu. Ba ka san ko sabarka na iya tashi ba. Wata 14 ba ka tambaye ta ba.

ƊanKalgo
Baba, wallahi jikina ya yi sanyi. Batiranmu ma sun shiga shekara ta uku.

Ɗalibi_Aliero
Ni nawa ƙarami ne amma bari in faɗa. Arch Linux nake amfani da shi a laftof. Ranar da zan kai aikin kammala karatu a buga, na yi pacman -Syu da safe, ban sake kunnawa ba. Na je shagon buga takardu na sa filash, shiru, bai fito ba. Na canza filash, haka. Ashe Arch in ta sa sabon kanel share modul ɗin tsohon, wato direbobinsa, take yi daga /usr/lib/modules. Kanel ɗin da ke aiki ya je ɗauko direban filash ya tarar babu. Sake kunnawa kawai ya gyara, amma sai da na yi awa guda ina zaton ramin USB ne ya ƙone.

Injiniya_Kaura
Ubuntu ba ta yin haka, tana barin wanda ke aiki da kayansa. Fedora da Red Hat ma kanel 3 suke ajiyewa. Amma masu katin NVIDIA sun san irinsa ko a Ubuntu: a sabunta direba, sabon ɓangare na kan faifai, tsohon modul na cikin kanel, sai nvidia-smi ya ce lambobinsu ba su dace ba. Ciwo ɗaya ne da wanda Baba ya faɗa.

MaiKafe_Jega
Na gode Malama 'YarGusau, misalin rumfa ya zauna mini. To mu masu Windows fa? Ni kwamfutocin shagona guda tara kullum dare sai na kashe su. Ke nan ni ba ruwana da wannan.

Bazamfare_Net
Da ruwanka, Malam. Tun daga Windows 8 akwai Fast Startup, kuma yawanci a kunne yake zuwa. In ka danna Shut down, ba kashe kanel yake yi ba, kwantar da shi yake a faifai, da safe ya tashe shi yadda ya kwanta. Restart ne ke tada shi sabo fil. Buɗe Task Manager ka duba lokacin da furosesa ta yi tana aiki, kana iya ganin kwana ashirin alhali kullum kana kashewa. Shi ya sa wata matsalar firinta ba ta tafiya da kashewa, sai da Restart.

Kuma ga masu cewa faci ya isa: Microsoft ma tana da nata facin tafe a Windows Server, amma duk wata uku, Janairu, Afrilu, Yuli da Oktoba, sai an yi cikakkiyar sabuntawa an sake kunnawa. Waɗanda suka ƙera abin ba su ce har abada ba.

MaiKafe_Jega
Na duba ɗaya yanzu. Kwana 16. Allah ya saka da alheri.

Zuru_Tek
Ni dai ra'ayina a bar taɓa kanel yana aiki kwata-kwata. Kun manta CrowdStrike? Ranar 19 ga Yulin 2024 sabuntawa ɗaya daga wannan kamfanin tsaro ta kayar da na'urorin Windows kimanin miliyan 8.5 kamar yadda Microsoft ta ƙiyasta. Jirage sun kasa tashi, asibitoci sun koma biro da takarda.

'YarGusau_Dev
Yayana, wancan ba facin kanel ba ne. Fayil ɗin bayanai ne aka tura wa wani direban tsaro da ke zaune a cikin kanel, ya karanta inda bai kamata ba, na'ura ta faɗi. Kada mu haɗa su. Amma akwai darasin da na yarda da shi a ciki: duk abin da ke sauka da kansa daga intanet ya shiga kanel kai tsaye, ka miƙa amanarka ga wanda ya turo shi. Manhaja ta yau da kullum in ta yi kuskure ita kaɗai ke mutuwa. Kuskure a kanel kowa yake kwashewa. Masu sabobi da yawa sukan fara sa faci a kan ɗaya ko biyu, su jira kwana, sannan sauran. Mai saba ɗaya ba shi da inda zai gwada.

Kabawa_VPS
Kuma mai saba ɗaya ne ya fi buƙatarsa, tunda ba shi da ta biyun da zai juya aiki kanta. Ku tuna ɓarakar kanel irin Dirty COW a watan Oktoban 2016, da Dirty Pipe a watan Maris na 2022. Irin waɗannan, duk wanda ya samu ƙaramar kafa a na'ura yana iya zama root, mai cikakken iko da ita, kuma da an sanar, yadda ake amfani da su yake bazuwa. In abu irin wannan ya fito ran Litinin, maigida ya ce sai ƙarshen wata, me zai riƙe ka tsakani? Wannan tazarar ita faci ke rufewa. Ban ce ya maye gurbin sake kunnawa ba.

Injiniya_Kaura
Da farko ai "ka kunna ka huta" ka ce.

Kabawa_VPS
Na faɗa, kuma na janye rabin. Ya kunna, amma kada ya huta.

Ɗalibi_Aliero
Yayye, ba za a yi amfani da kexec ba? Na karanta cewa yana loda sabon kanel ba tare da an bi ta BIOS ba. Ai shi ke nan an samu sabon kanel cikakke ba a kashe na'ura ba.

Injiniya_Kaura
Ƙanena, kexec sake kunnawa ne, an dai tsallake ɓangaren da allon uwa ke ƙirga kayansa. Duk manhajojin da ke aiki sai sun mutu, rumbun bayanai sai ya rufe. A manyan sabobi da ke cin minti da yawa kafin su gama duba RAM yana rage lokaci sosai. Amma kayan na'ura ba su samu an sake musu wuta ba, sabon kanel yana tarar da su yadda tsohon ya bar su, wani katin sai ya rikice. Mafi muhimmanci ga zancenmu, bai bi ta GRUB mai loda kanel lokacin tashi ba, bai gwada batirin da Baba ya ambata ba. Tambayar ko za ta tashi in wuta ta ɗauke tana nan ba amsa.

Bazamfare_Net
Bari in kawo wani gefe da mu mutanen Zamfara muka sani. A watan Satumban 2021 da aka rufe layukan waya a jihar nan saboda matsalar tsaro, ina da na'urori a Gusau da Talata Mafara da nake shiga daga nesa. Rana ɗaya komai ya yanke. Faci ba ya sauka, ni ma ba na iya shiga. Wadda na saba sake kunnawa duk wata, da wuta ta ɗauke ta dawo, da kanta ta tashi, masu ofis ba su ma san an yi wani abu ba. Wadda na bari ta daɗe, ta tsaya a baƙin allo, sai da na samu hanyar zuwa da ƙafata, kuma kun san yadda hanya take a lokacin. Abin da ya dace da ɗakin sabobi a Jamus mai wuta layi biyu da ma'aikaci a tsaye, ba lallai ya dace da mu ba.

Sannan a tuna ba kanel kaɗai ke da wannan hali ba. In an sabunta OpenSSL ko glibc, ɓangarorin da manhajoji da yawa ke dogara da su, duk manhajar da ta riga ta tashi tsohon take riƙe da shi a ƙwaƙwalwa. Lokacin Heartbleed, ɓarakar OpenSSL, a Afrilun 2014 mutane sun sabunta, ba su sake tada sabis ɗinsu ba, ɓarakar na nan. Ubuntu 22.04 na zuwa da needrestart, shi ne allon nan mai tambayarka waɗanne sabis za a sake tadawa. Livepatch ba ya taɓa waɗannan ko kaɗan.

ƊanKalgo
Wannan allon kullum Cancel nake dannawa, don tsoron kada rumbun bayanai ya tsaya ana cikin aiki.

Hajiya_Kati
Ni ba injiniya ba ce, sashen katin marasa lafiya nake aiki a wani asibiti a Yauri, ɗana ne ya sa ni a zauren nan don in riƙa koyo. Malam ƊanKalgo, ka ji daga bakin masu amfani da abin. Minti goma da aka sanar da mu tun jiya ba komai ba ne. Mukan buga jerin waɗanda ke kwance, mu ajiye fom na takarda, in ta dawo mu shigar. Abin da ke wahalar da mu shi ne ta mutu ba shiri, mace na naƙuda, ana neman rukunin jininta da abin da likita ya rubuta a awon baya, allo baƙi. Ka je wa maigidanka da wannan harshen. Kada ka ce masa kanel, ba zai gane ba. Ka ce ya zaɓa tsakanin minti goma da ya sani da kwana biyu da bai sani ba. Kuma kada ka zaɓi tsakar dare don ganin ba kowa, mu dare ne ya fi mana zafi, ga shi in abu ya lalace ba shagon da zai buɗe maka. A wurinmu Juma'a bayan an sauko daga masallaci layi ya fi raguwa. Ka tambayi nas-nas ɗinku, su suka san nasu lokacin.

Baba_NaGulbi
Hajiya ta gama magana. Allah shi yi albarka.

ƊanKalgo
Jama'a, na bi maganar Baba na buɗe /etc/fstab. Akwai layin faifan waje da muke ajiye kwafin bayanai a kai. Faifan ya lalace wata huɗu da suka wuce, na cire shi, na rubuta a sayo wani, har yau ba a sayo ba. Layin na nan, babu nofail a jikinsa, kalmar da ke sa ta wuce in ba ta ga faifan ba. Ke nan da ta mutu jiya da dare, da ba ta tashi ba?

Injiniya_Kaura
Da ta jira shi kamar minti ɗaya da rabi, ta faɗa yanayin gaggawa tana neman a zo gabanta da allon rubutu. Amma tsaya. Wata huɗu ke nan ba ku da kwafin bayanan asibiti?

ƊanKalgo
Ina kwafa a filash lokaci-lokaci. Na ƙarshe ya kai sati uku.

'YarGusau_Dev
To a ajiye zancen Livepatch a gefe tukuna. Yau ɗin nan, kafin ka tashi daga aiki, ka fitar da kwafin rumbun bayanan, ka kai shi wata kwamfuta, ka loda shi ka ga ya buɗe, ka nemi katin mutum ɗaya ka gani da idonka. Faifan da ya yi wata 14 yana juyawa cikin zafin Kebbi, ranar da ya tsaya ba ka da tabbacin zai sake juyawa. Kada ka taɓa maɓallin nan sai kwafi biyu na hannunka, ɗaya a wajen ginin.

Zuru_Tek
Ku dai ce maigidan ya sayi saba ta biyu. Ko tsohuwar kwamfutar tebur ce. Asibitin da ba ya iya tsayawa minti biyar bai kamata ya rataya a kan na'ura ɗaya ba.

Kabawa_VPS
Wanda bai sayi faifai ɗaya cikin wata huɗu ba ne zai sayi saba? A fara da abin da zai yiwu. Faifai tukuna.

Baba_NaGulbi
Ranar da za ka yi, ɗana, ka zo da allo da madannai ka haɗa mata, kada ka yi daga nesa. Ka sayi ɗan batirin nan CR2032 ka riƙe a aljihu. Ka duba df -h ka ga /boot bai cika ba, don in ya cika initrd na sabon kanel, fayil ɗin da yake tashi da shi, na iya fitowa guntu. In sabon ya ƙi tashi, ka shiga Advanced options a GRUB ka zaɓi 91 ɗinka, shina nan. Ka rubuta a takarda duk sabis ɗin da ke aiki yanzu, don ka san abin da za ka nema in ta dawo. Ni daga nan duk wata nake yi.

'YarGusau_Dev
Baba, duk wata a asibiti anya zai samu? Ni da zan ce duk wata uku, da faci a tsakani, sai in wani babban abu ya fito da faci bai rufe ba.

Baba_NaGulbi
Wata uku ya isa mutum ya manta abin da ya taɓa, ɗiyata. Ni wata ɗaya na sani.

ƊanKalgo
Na gode ƙwarai, Allah ya bar zumunci. Kwafin na kan fita yanzu haka. Gobe da safe zan samu maigida da maganar Hajiya, in ya amince Juma'ar nan ne bayan masallaci. Layin fstab ɗin in goge shi ne ko in sa masa nofail?

Injiniya_Kaura
Sa # a farkonsa har sabon faifai ya zo, don UUID ɗin, lambar shaidar faifan, ma zai canza. In ka gama ka buga findmnt --verify ka turo mana abin da ya ce. Kuma ka duba ruwan batiran nan kafin Juma'a.